Jirgi a Ƙasar Rana: Kafintan Kwale-kwale da Abin Shafa wa Katako

Mirriya garin yumɓu ne da lambu. Wanda ya fito daga Zinder ya miƙi hanyar gabas, tafiyar kilomita 18 za ta kai shi inuwar tsamiya da mangwaro da kukoki, ranar Lahadi kuma ya tarar da tuluna da randuna jere a kasuwa. Ba wanda zai zo nan neman maƙerin jirgi. Amma ƙasar ba ta rasa ruwa ba. Akwai kwarin Korama a kudu, akwai tafkin Gidimuni a bakin titin da ya nufi Gure da Diffa, akwai Lasuri, ga kuma ƙananan tafkuna masu cika da damina su janye da bazara. Lasuri ya shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2005, Gidimuni da Madarunfa ta ƙasar Maraɗi suka bi a 2019. A irin waɗannan ruwaye ana su, kuma masuncin da ya gaji da kifa ciki a kan gora, yana son ya shimfiɗa taru ko ya kafa mamari a tsakiyar ruwa ya komo da kaya mai nauyi, dole wata rana ya nemi kwale-kwale.

A Yawuri ko Mopti ko bakin tafkin Cadi akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai ƙera jirgi. Inda ruwa bai kai ya ciyar da mai sana'a shekara guda ba kuwa, aikin yakan faɗa hannun kafinta, wanda jiya ya yi ƙofa, gobe zai yi gadon amarya. Ko an sayo jirgin daga nesa an ɗoro shi a mota, gyaransa na kafintan gari ne da mai jirgin. Hannun kafinta kuwa ya saba da abu guda in ya gama aiki: ya goge da samfefa, ya buɗe gwangwanin man ƙyallin nan da ake kira banish, ya shafa. Ga gado da kabad daidai ne. Ga jirgi sau da yawa asarar kuɗi ce, wani lokaci har ta kai ga asarar jirgin. Kafintan da ya san jirgi yakan tsaya ya yi tambaya tukuna: wane ice ne, wata nawa zai yi a ruwa, wata nawa a tudu, kuma wane ɓangare na jikinsa za a shafa. Zaɓen abin shafawa rabin sana'ar ne, kuma shi aka fi rainawa.

Jirgin kakanni sassaƙe ne. A sami gungume guda, masassaƙi ya rarake cikinsa da gizago. Maɗaci ne kan gaba a wannan aiki saboda ƙarfinsa da juriyar ruwa, sannan ana sassaƙa maje da rimi da kawo, har da giginya inda babu wani. Yau maɗacin da zai ba da jirgi ya yi wuyar gani, wanda ya rage kuma ma'aikatan gandun daji ba za su bari a taɓa ba. Abin bai tsaya a ƙasarmu ba: a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Panama a 2022, an sa dangin maɗaci da na kawo na Afirka cikin itatuwan da ba a fitar da katakonsu waje sai da takarda, kamar yadda aka riga aka yi wa madobiya. Saboda haka jirgin yau na falanki ne. Katakon daga dazukan kudu yake fitowa, ya sauka Kano, a 'Yan Katako ta Na'ibawa da makamantanta, sannan ya hau mota ta Daura da Matamaye ko ta Babura da Magarya. A bakin mai sayarwa iri biyu ne, ja da fari. Fari ba shi da nauyi, yana da sauƙin zarto da ƙusa da kuɗi, amma yana shan ruwa, yana saurin ruɓewa. Ja ya fi nauyi da tsada da daɗewa. Masunci mai ƙaramin ƙarfi yakan so fari, kafinta mai tsoron Allah kuma yakan ce masa ko gefuna za su zama fari, a daure a sa ja a ƙasa.

Katako, ko ya shekara goma da sarewa, bai daina shan ruwa da amayar da shi ba. In ya sha sai ya kumbura, in ya bushe sai ya tsuke, kuma a faɗi yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Falanki mai faɗin santimita 30 da ya ƙoshi da ruwa, in aka bar shi ya bushe ƙayau, yana iya raguwa da kamar santimita guda. To a dubi yanayin da muke ciki. Da hunturu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watannin Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40 a inuwa. Jirgin da ke kan tafki a wannan lokaci ƙasansa jiƙe yake sharkaf, samansa yana gasuwa, kuma sau da yawa falanki ɗaya ne rabi a jiƙe rabi a gashe. In tafkin ya janye aka bar jirgin a kan busasshiyar laka, sai duk jikinsa ya tsuke, haɗin falankai ya buɗe har a hango haske, ƙusoshi su yi sako-sako a ramukansu. Mutane suna zaton ruwa ne ke cin jirgi. A ƙasarmu rana ta fi ruwa ɓarna, abin da ya fi su duka kuwa shi ne kai-komon da katako ke yi tsakaninsu. Duk abin da za a shafa wa jirgi, in ba zai miƙe ya tsuke tare da katako ba, kwanansa a ƙirge yake.

An taɓa ratsa hamada da jirgin katako a bayan raƙuma. A 1850 James Richardson da Heinrich Barth da Adolf Overweg suka taso daga Tarabulus da wani jirgi da aka ƙera a tsibirin Malta aka rarraba shi gunduwa-gunduwa. Richardson ya sauka Zinder a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya wuce gabas, ya rasu kafin ya kai Kukawa. Jirgin dai ya isa Barno, aka harhaɗa shi aka sa masa suna Lord Palmerston, Overweg ya shiga tsibiran Buduma na tafkin Cadi da shi a wannan shekarar. Katakon da ya yi fiye da shekara yana shan rana ya koma ruwa ya yi aiki. Ashe bushewa kaɗai ba ta kashe katako mai kyau. Haɗi take buɗewa, haɗi kuwa aikin hannu ne da ake iya sakewa.

Shi ya sa masu sana'ar suka fi damuwa da haɗi a kan fuska. Kafinta yakan fara da falankan ƙasa, ya kafa haƙarƙari, ya lanƙwaso na gefe a hankali yana ɗaurewa yana bugun ƙusa, ya haɗe goshi da ƙeya. Wannan duk wanda ya iya awo zai koya. Inda ake gane gwani shi ne tsagar da ke tsakanin falanki da falanki. Ana murɗa tsumman auduga ko zaren buhu, a cusa da ƙarfe mara kaifi, ana bugawa da guduma kaɗan-kaɗan. In aka cusa sako-sako ruwa ya shiga. In aka danna fiye da kima a busasshen katako, ranar da ya kumbura ba shi da wurin zuwa, sai ya tsage ko ya tumɓuke ƙusa. Babu ma'aunin wannan sai kunne da hannu, kuma yaron shago yakan daɗe yana murɗa tsumma kafin maigidansa ya miƙa masa guduma.

Matsalar tsohuwa ce. René Caillié, Bafaranshen da ya bi ruwa daga Jenne zuwa Kabara, mashigin Tumbuktu, a 1828, ya ba da labarin manyan jirage da aka ɗinke falankansu da igiya, aka toshe haɗin da dakakkiyar ciyawa da laka, kuma ba a daina kwarfe ruwa daga cikinsu. Daga baya ƙusa ta maye gurbin igiya. A bakin ruwan Mopti maƙera suna zaune kusa da masu jirgi suna buga musu ƙusoshi daga tsohon ƙarfe, man kaɗanya kuma ya daɗe cikin abin da masuntan Bozo ke toshe haɗi da shi. Kyan man kaɗanya shi ne ba ya ƙanƙarewa ya zama ɓawo. Yana shiga katako, yana korar ruwa, yana bin motsinsa. Aibinsa yana wankewa, sai an riƙa sabuntawa, ga shi yau masu cakulan da masu man shafawa na ƙasashen waje suna rububinsa.

A wurare da yawa kwalta ce ta gaje shi. Ana narka ta a rabin ganga, a bi haɗi da ita da zafinta, wani lokaci a shafe ƙasan jirgin gaba ɗaya, inda tsaga ta yi faɗi kuma a buga yankin gwangwani a kai da ƙananan ƙusoshi. Ba ta da kyan gani, tana ɓata riga, amma a ƙarƙashin ruwa da wuya a sami abin da ya fi ta a kuɗinta. Tana da danƙo, in ta tsage kuma ɗan zafi ya ishe ta ta sake haɗewa. Iyakarta inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi. Daga nan zuwa sama baƙinta yana jan zafin rana, ta yi laushi ta dalalo, katakon ƙarƙashinta ya dahu. Wanda ya shafa kwalta kuma ya sani ba a komawa, domin fenti ko banish ba za su ƙara kama wurin da kyau ba, za ta riƙa huda su tana fitowa.

Banish na asali abu uku ne aka haɗa: mai irin wanda ke daskarewa in ya sha iska, da ƙaro mai tauri, da ruwan tsinkawa mai tashi ya bar sauran biyun a jikin katako. Man ba kowane ba ne. Man gyaɗa da man kaɗanya ba sa yin ɓawo ko sun shekara. Wanda ake so shi ne man linsid, na 'ya'yan tsiron da ake saƙa kittani da shi, ko man itacen tung na ƙasar Sin. Ƙaron ma haka. Na dakwara da ake tsinta a ƙasar Gure da Manga, wanda duniya ke saye don lemon kwalba da magani, narkewa yake a ruwa, ba shi da amfani a nan. Wanda masana'antun Turai suka yi ta nema a ƙarni na 19 shi ne kofal, ƙaron da ake haƙowa a gaɓar Afirka ta Gabas a fitar ta Zanzibar, daga baya kuma na Kwango ya cika kasuwa. Mu ma muna da danginsa a daji. Ƙaron maje, wanda mata ke turare da shi, yana cikin waɗanda ake iya yin man shafa katako da su, wato itace ɗaya ke ba da gungumen jirgi da abin shafa masa. Yau ƙaron roba ake haɗawa a masana'anta, amma ƙa'idar tana nan: in mai ya rinjaya banish ya yi laushi da juriyar lanƙwasa, in ƙaro ya rinjaya ya yi tauri da ƙyalli da saurin fashewa. Jirgi na farkon yake so.

A kantin fenti ba a faɗa wa mutum wannan. Abin da ya fi yawa a kan kanta shi ne wanda masu kujeru da gadaje ke fesawa, mai bushewa cikin 'yan mintoci. Don ɗaki aka yi shi. Ruwa ya kwana a kansa sai ya yi fari-fari, rana ta buge shi sai ya farfashe. Akwai foliyuritan na teburi da daɓen katako, mai tauri da jure gogayya, amma yawancinsa ba ya jure rana, kuma ranar da ya fara ɗagowa sai an kankare duka kafin a sake. Akwai ifoksi mai zuwa a gwangwani biyu a haɗa, wanda ya fi duka hana ruwa wucewa. Shi ma rana tana cin sa, ya koma rawaya ya yi gari in ba a rufe shi da wani shafi ba, kuma ya fi dacewa da jirgin da aka liƙa da gam daga siraran katako, wanda ba ya motsi kamar namu mai kauri da ƙusa. Sai banish ɗin jirgin ruwa na ainihi, mai yawan mai, wanda aka zuba wa sinadarin tare hasken rana. Shi kaɗai ya cancanci a yi ciniki a kansa, shi ne kuma mafi tsada da wuyar samu, kuma hoton jirgi a jikin gwangwani ba shaida ba ne. Kafinta yana da gwajin da ba ya cin kuɗi. Ya shafa kaɗan a yankin gwangwani, ya bari ya bushe mako guda, ya lanƙwasa. In shafin ya bi lanƙwasar lafiya akwai mai a cikinsa, in ya fashe na ɗaki ne. Ya kuma shafa wa guntaye biyu daga ragowar katakon jirgin, ɗaya ya jefa a bokitin ruwa, ɗaya ya aza a kan rufin kwano, ya duba su bayan wata guda.

In an sami na kirki, saura aikin haƙuri. Katakon ya zama busasshe, a goge shi daga samfefa mai kaushi zuwa mai laushi, a kashe kaifin kusurwoyi domin shafi ba ya zama a kan kaifi, a share ƙura da tsumma mai ɗan ruwan tsinkawa. Shafin farko a tsinka shi kusan rabi da rabi don ya nutse, a ƙosar da bakin falanki inda zarto ya yanka, domin ta nan katako ya fi shan ruwa. Daga nan a bi da shafi shida ko fiye, siriri-siriri, kowanne ya kwana a ɗan goge shi kafin na gaba. Mai gaggawa yakan zuba biyu masu kauri, sama ta bushe ƙasa na ɗanye, fuskar ta yamutse. Lokacin shafawa ma sai an zaɓa. Da rana tsaka buroshi yana ja, shafi yana bushewa kafin ya kwanta. Da hantsi katako yana ɗaukar zafi, iskar da ke cikinsa tana fitowa ta bar ƙuraje, shi ya sa shafin farko ya fi kyau bayan la'asar, a inuwa. Ranar da hazo ya sauka a rufe gwangwani kawai. Tsumman da ya sha man linsid kuma kada a dunƙule shi a jefa a lungu, yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta, a shagon da ke cike da garin katako. Bayan duk wannan wahala, a irin ranarmu, sai an goge an ƙara shafi aƙalla sau ɗaya a shekara.

Wanda ya lissafa wannan zai gane dalilin da jirgin masunci ba ya ƙyalli. Ni dai a ganina banish ba na ƙasan jirgi ba ne, domin ba a yi shi don ya zauna cikin ruwa wata da watanni ba, ba kuma na cikin jirgin da ake jan taru da zuba kifi da taka yashi ba ne. Wurinsa filafili da bencin zama da leɓen jirgi, sai jirgin biki irin wanda ake fitowa da shi a Rigatar Yawuri ko wasannin ruwa na Argungu, in mai shi yana son a ga jan maɗaci. Gefen jirgin aiki, daga iyakar ruwa zuwa sama, fentin mai ya fi dacewa da shi, mai haske, fari ko shuɗi-shuɗi. Garin launin da ke cikin fenti shi ke tare rana, abin da shafi mai gani-har-hanji ba zai yi sosai ba komai sinadarinsa.

Cikin jirgi kuma kada a toshe shi ruf. A nan mutumin Mirriya ba ya bukatar dogon bayani, ya san randar da ke sanyaya ruwa ita ce mai yin gumi, wadda aka shafe jikinta da fenti ruwanta ɗumi yake. Katakon jirgi ma yana son hanyar fitar da laima. In an rufe shi ciki da waje da ɓawo mai tauri, ruwa zai sami ƙofa ta ramin ƙusa ko ta tsaga, ya shiga ya rasa mafita. Ruɓa kuwa laima da iska take so a haɗe. Katakon da ke nutse ɗungurungum yakan daɗe, busasshe ma haka. Mai lalacewa shi ne na iyakar ruwa, da gindin haƙarƙari, da duk lungun da ruwan sama ke kwana. Man da ke nutsewa ba ya yin ɓawo mai kauri shi ya dace da ciki.

Sai dai man da ya fi kusa da hannu shi ne baƙin mai, wanda ake juyewa daga injin mota. Kusan kyauta ne a gareji, yana nutsewa, kafintoci sun daɗe suna shafa shi a katakon rufi saboda gara, don haka ba abin mamaki ba ne ya bi su bakin ruwa. Ina roƙo a bar shi. Man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da ƙurar ƙarafa da gubar ƙonewa, har da masu jawo ciwon daji, kuma ba ya bushewa, kullum tsatsa yake cikin ruwa. Babban kogi yana tafiya da dattinsa. Tafki ba ya zuwa ko'ina, abin da aka zuba masa yana nan, a lakar da tarwaɗa ke kwana, a ruwan da shanu ke sha da wanda ake ba lambu. Masuncin da ya shafa shi, 'ya'yansa ne farkon masu cin kifin. Araha ba ta ado, wannan kuwa har lafiya take ci. Sarakunan ruwa da ke da ikon cewa yau a shiga, gobe ba a shiga, suna da ikon hana wannan ma, kuma maganarsu ta fi takardar ma'aikata saurin isa kunnen masunta.

Akwai abu guda da banish ya fi fenti, kuma ba ƙarami ba ne: ba ya ɓoye komai. A ƙarƙashinsa ana ganin tsaga, ana ganin baƙin tabon da ruwa ya shiga, ana ganin tsatsar ƙusa. Fenti da kwalta kuwa suna iya rufe ruɓaɓɓen falanki ya fito kamar sabo. Mai sayen tsohon jirgi ya yi hattara da wanda aka shafe jiya. Ya ƙwanƙwasa falankai ɗaya bayan ɗaya, mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe a dishe; ya soka bakin wuƙa a gindin haƙarƙari da iyakar ruwa; ya dubi kan ƙusoshi. Wanda zai sa a yi masa sabo ya je ya gan shi kafin a shafa komai. Kafintan kirki ba ya jin haushin wannan, shi da kansa zai aika a ce wa Alhaji ya zo ya duba kafin a rufe. Maganar ta wuce kuɗi. A watan Mayun 2021 wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja ya nufi Wara ta jihar Kebbi ya tarwatse a kogin Kwara da mutane fiye da 150, kaɗan suka tsira. A ƙarshen Nuwambar shekarar wani ya kife a Bagwai ta jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Lodin da ya wuce kima shi aka fi ambata a duka biyun, a na Wara kuma an ambaci tsufan jirgin, kuma in lodi ya yi yawa falankin da ya ruɓe a ɓoye shi ke fara karyewa.

Irin waɗannan haɗurra ne suka sa hukumomi a Najeriya ke kira a bar jirgin katako a koma na fayiba da na alminiyom. Ga jiragen fasinja na manyan koguna akwai hujja. Lissafin masuncin ƙaramin tafki daban ne: na fayiba in ya fashe sai an nemo gam da zaren gilashi daga birni, na katako kuwa kafintan ƙauye zai cire falanki ɗaya ya sa wani. Abin da jirgin katako ke nema shi ne kulawa, mafi yawanta kuma ba ta bukatar sayen komai. In ruwa ya fara janyewa a bi shi da jirgin, kada a bar shi a tudu. In za a daɗe ba a yi aiki ba, ana iya nutsar da shi a wuri mara zurfi a danne da duwatsu ya zauna a ƙoshe. In tafkin zai ƙafe ƙaf, a ja shi inuwa, a kife shi a kan itatuwa don kada ya taɓa ƙasa gara ta samu, a lulluɓe da zana ko kara, ban da leda.

Gyaran shekara ya fi kyau a ƙarshen bazara, hazo ya wuce, ruwa bai sauka ba, katako yana bushe yadda zai karɓi shafi. A kankare abin da ya ɗago, a canza ƙusar da tsatsa ta ci, a sabunta tsumma da kwalta, a yi fenti. In ya bushe, a riƙa zuba wa jirgin ruwa a ciki ana rufewa da jiƙaƙƙen buhu kwana biyu ko uku. Ranar da aka tura shi tafki zai yi yoyo, wannan kuwa ba laifin kafinta ba ne. A ɗaure shi a bakin gaɓa, a kwarfe safe da yamma, falankai suna kumbura suna matse tsumman. In mako ya cika bai daina ba, a sa alama da alli a inda ruwan ke tsatsowa, a jawo shi tudu, a kira kafinta.